Inci Shida

A ofishinmu na garin Lakeview
taswira ta cinye bango guda.
Kore gandun daji ne, ruwan ɗorawa makiyaya,
ja kuwa inda wuta ta lashe bara.
Ƙasar kowa ce, in ji doka.
Ni dai na san halin rijiyar bakin hanya:
kowa da gugansa,
ranar yasa ba ka ganin kowa.

Shekara uku muna rubuta kundin tsari,
shafi ɗari huɗu da 'yan kai.
A zauren makaranta muka baje shi,
kujerun ƙarfe, kofi ya huce.
Duane mai injin katako ya ce a sassabe kurmi
tun gobara ba ta riga zarto ba.
Wata malama daga Portland ta zo da hoton fakarar daji,
ta ce a bar mata filin rawa.
Tsohuwa Verna, ta mutanen Paiute,
tambaya ɗaya ta yi:
saiwar da kakarta ke tona a gindin dutse,
wane launi aka ba ta a taswira?
Na duba takarduna. Na sake dubawa.

Duk tulin nan, da ya iso bakin rafi,
layi ɗaya ya rage:
a bar wa ciyawa inci shida.
In ta gaza, shanu su tashi.

Watan Agusta na ɗau sandar awo na fita.
Mil arba'in ba kwalta,
tazargaden daji ta yi furfura har ƙarshen gani,
ƙamshinta na kullin kakata ne sak.
Na tsuguna a gaɓa,
na auna sau talatin, na raba.
Huɗu da rabi.
Na matsa inuwa inda ta fi tsawo, Allah na tuba,
nan ma biyar ba ta cika ba.

Orval Etchart na bisa doki yana kallona.
Kakansa ya haƙa idon ruwan nan
tun ofishinmu bai da ƙofa.
Ya ce, sandar taka ta taɓa kwana da yunwa?
Ka san kuɗin harawa bana?
Na sani.
Ban gaya masa na taɓa bin garke ba,
can yamma da Maigatari,
a burtalin da ya yi ta ramewa kamar majinyaci,
kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi,
har saniya ta koma tafiya a karkace.
Ba wanda ya zo da sanda ya auna mana.
Da an zo, da Baffa ya zage shi,
da kuma yanzu akwai burtali.

Na sa hannu a kan bonet ɗin mota.
Biro ya ƙi, na kaɗa shi, ya yi.
Ya ninke takardar huɗu, ya cusa a hula.
Sati uku kafin lokaci
shanu ɗari biyu suka gangara,
ƙurarsu ta daɗe a sama bayan sun ɓace.

Ƙanƙara ta zo ta rufe gardamar.

Da ta narke na koma.
Gaɓar da kofato ya rusa ta fara kama jikinta,
wasu tsirrai sirara kamar tsinken tsintsiya
sun leƙo daga laka.
Ban ce na yi daidai ba.
Ruwan bana ya fi na bara, wataƙila shi ne.
Saiwar Verna har yau ba ta da launi,
na rubuta wa na sama sau biyu.

A hanyar dawowa muka yi kiciɓis da motar Orval.
Bai tsaya ba, bai sauke gilashi ba.
Yatsa ɗaya ya ɗaga daga kan sitiyari.
A nan ƙasar, gaisuwa ke nan.
Ko gargaɗi.
Ban da sandar da zan auna wannan.