Gishirin Taron

Ina ɗan sha tara manya suka zauna,
Rum da Farisa, suka gutsura ƙasarmu kamar gurasa.
Gefen da ƙauyenmu ya faɗa
shi ya zaɓa mini ubangida.

Uwata Hiranush ta ɗinke gishiri a bakin rigata.
Ta ce, ranar da abincinsu ya yi maka lami
ka warware zare ɗaya.

A Kustantiniyya magatakarda ya tambayi sunana.
Na ce Zarmair.
Ya ciji alƙalami, ya rubuta wani abu mai wutsiya irin tasu.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina karɓar albashin wannan baƙon.

Mahaya ɗari uku suka biyo ni daga duwatsu.
Aka ce mu tsare bakin Danub,
kogin da ba mu taɓa jin sunansa a bakin kakanni ba.
Sanyin farko ya ci yatsuna biyu.
Na biyu ya ci Hosrob mai busa,
wanda in ya yi sarewa dawakai kan daina tauna.

Sarakuna huɗu na yi wa rantsuwa.
Na farko ya ɗaura mini ɗamarar zinariya,
na biyu ya aiko a kwance ta,
na uku bai san ina raye ba.
Limamansu sun ce gicciyenmu ɗaya ne
amma ƙoƙon shanmu daban.
Na sha nasu, don yarana su samu sha'ir.

Sau ɗaya aka juya mu gabas.
A wani kwari, da asuba,
na ji an ba da umarni daga sahun abokan gaba
da harshen da ake kirana cin tuwon dare.
Na ɗaga takobi duk da haka.
Kada ka rubuta wannan, yaro.
To, rubuta.

Yanzu mu goma sha ɗaya muka rage.
Muna dasa inabi a Tarakiya, ba ya zaƙi.
Jikokina suna dariya in na ƙirga tumaki da bakinmu.

Jiya na ciro tsohuwar rigar daga akwati,
na sa wuƙa a zaren.
Ba komai a ciki.
Gumi ya riga ni, tun tuni,
ya narkar da shi a jikina
can wani wuri tsakanin kogin nan da gida.
Na lashi bayan hannuna.