Mai Turi

Ni ba ni da mota.
Gara in faɗa tun da wuri, kada a tambaye ni parmi.
Abin da na mallaka kafaɗa ce,
da gefen benci a garejin Kiyari, can Zango,
inda kofin shayi ke ɗanɗanon giris.

Kiyari da Fijo yake rantsuwa.
Ta ubansa ce, mai akori a baya,
ta sha hanyar Tanut da buhunan gero tun ba a haife ni ba,
ƙofar hagu da igiya ake ɗaure ta.
Ya ce ƙarfen da shi ne ƙarfe,
na yanzu gwangwanin tumatir ne aka shafa wa fenti:
ka jingina, ka bar masa hoton ƙugunka.

Mutari ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
Tasa daga Kwatano ta zo, otomatik,
cikinta sanyi kamar gindin randa,
ƙafarsa ta hagu ta yi ritaya.
"Ku tuƙin tuwo kuke yi," in ji shi,
"hannu a muciya tun daga Birni har Mirriya."

Zabairu a Kano ya koyi aiki, giya yake cewa.
Kiyari ya ce bitas.
Shekara shida ba su shirya a kan sunan ba,
amma sun haɗu a nan:
motar da ke canja wa kanta shawara
ba ta san mai gida ba.

Ilu ba ya saurin tsoma baki.
Sai ya gama sakace,
ya ce, "Ku kai su inda kwalta ta gaji, hanyar Agadas,
ku tambayi rairayi ra'ayinsa.
Hilis. Sauran na kai amarya ne."

Hajiya Furera ta kawo 'yar ƙaramarta a duba mata burki,
ko zama ba ta yi ba.
"Wacce ce lita ɗaya ke kaiwa Kasuwar Dole ta dawo,
har da canji?
Ku nuna mini ita, sannan ku ci gaba da wa'azi."
Kowa ya duba kofinsa.

Ranar Alhamis, bayan la'asar,
batirin Mutari ya mutu a gangaren duwatsun Birni.
Aka aiko yaro ya kira ni.
Na tuɓe takalmi, na kafa kafaɗa,
Zabairu ya ce, "Adana ƙarfinka,
irin wannan ba ta jin turi."
Ban taɓa ganin motar da ta raina ni haka ba.

Sai muka koma muka tura Fijo,
mu huɗu, har da mai shayi.
Ta yi tari biyu, ta tofar da hayaƙi, ta kama.
Igiyar ja ba a samu ba,
aka kwance ta ƙofa.
Haka muka ratsa gari:
yaron Kiyari rungume da ƙofar hagu,
Mutari a baya riƙe da sitiyari,
gilashin lantarki ya ƙi sauka,
gumi har cikin aljihunsa,
'yan kabu-kabu na yi masa barka da hutawa.

Washegari ya ce laifin batir ne, ba na mota ba.
Gaskiya ne kuwa.
Kiyari bai ce uffan ba,
ya dai zuba masa shayi da hannunsa,
abin da bai taɓa yi ba.

Ni aka juyo: kai fa, wacce ka zaɓa?
Na ce ni ta baya na san su.
Hilis nauyi, sai mutum shida.
Ta Hajiya ko almuru ni kaɗai na isa.
Fijo tana kamawa a taku na bakwai,
in Kiyari bai manta ya murɗa makulli ba.

Kafin in rufe baki ya leƙo ta taga:
"Ajiye kofin nan, Barma.
Zo ka ɗan taɓa mana ita."