Takardu Uku a Bangon Malama Turai

Bene na biyu, Idi-Araba,
saman shagon mai gyaran janareta,
nan aka ce in hau.
Na daɗe a matakala ina ƙirga tsagar siminti,
don Mati ya rantse min duk wanda ya hau
daga nan sai Yaba, sai ɗauri, sai allura.

Na hau dai.
Wata huɗu ba barci ya fi ƙarfin kunya.

Takardu uku a bango, cikin gilashi.
Ni direba ne, na san darajar takarda,
ko ɗan sanda sai ya gan ta yake janye katako.
Na ce, Malama, karanta min su,
ba na miƙa sitiyari ga wanda ban ga lasisinsa ba.

Ba ta ɓata rai ba. Ta miƙe tana nunawa:
Wannan Zariya ce, shekara huɗu, sanin halin ɗan Adam.
Wannan nan Legas, shekara biyu,
a kan raunin da ba ya fitar da jini.
Ta ukun izini ne, sabunta shi nake yi,
kuma akwai wadda ta girme ni a aikin,
ina kai mata kayana ta duba min ɗauri.
Ba na ba da ƙwaya. In ta kama, akwai likita.
Ba na duba, ba na tofi,
ba kuma zan raba ka da addu'arka ba.
Abin da ka faɗa a ɗakin nan, nan zai kwana,
sai fa in rai na cikin haɗari, naka ko na wani.

Daga nan ta yi shiru.
Fanka na juyi, ɗan kwandasta na ihun Oshodi a ƙasa,
ita ko ta bar shirun a tsakaninmu
kamar kwanon ruwa da aka ajiye wa baƙo.

Sai a zuwa na uku na ambaci Tanimu.
Hawan Jebba, buhu ɗari uku na albasar Aliero,
yana ƙasa yana sa weji,
birki ya saki.
Ƙafata ce a kai, Malama. Ƙafata.

Na jira ta ce sai haƙuri.
Liman ya faɗa, 'yan kamasho sun faɗa,
na tara haƙuri ya fi albasar Mile 12 yawa,
ya kuma fara ruɓa a cikina.
Ita cewa ta yi: yaya dariyarsa take?

Wayyo.
Yaron da ke cin burodin Agege da yaji,
yana cewa wata rana shi zai ja ni ina baya.
Na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.
Ba ta ce namiji ne kai ba,
ta dai turo min ruwan leda.

Ta koya min jan numfashi da ƙirge,
huɗu ciki, shida waje,
yadda ake sauke giya a gangare.
Ta tambaye ni wa ya duba birkin a Mokwa,
sau nawa na gaya wa mai mota,
har na ga laifin da na ɗauka ni kaɗai
kaya ne na mutum biyar.
Ba ta sauke min nawa ba.
Ta ce a gyara masa zama ya daina cin kafaɗa.

Ranar Laraba na kira mahaifiyarsa a Yauri.
Mun fi yin shiru da magana, har kati ya ƙare.

Ban koma hanya ba tukuna.
Jiya dai na zauna a gaban motar, inji a kashe,
ruwan Legas na dukan gilashi,
na kama sitiyari har na ƙirga ashirin.
Da dare kuma ladan ne ya tashe ni.
Mati na tambaya ko an yi min allurar.
Na ce masa matakalar goma sha bakwai ce,
ta tara ta ɗan karye, ya taka a hankali.