Tabarmar Shanya da Rumbu

Kwamfutar ƙungiyarmu ta manoman riɗi
shekararta tara a duniya, uku a hannuna.
In na kunna ta da hantsi, sai in je in ba awaki dusa,
in dawo in iske ta tana juya ɗan zobenta
kamar tsohuwa mai laluben allura a zani.
Mutum ɗari biyu da sha ɗaya ke cikinta:
wanda ya karɓi taki, wanda ya biya, wanda ya ce sai kaka.

Ran da Iya Gambo ta rantse ba a bin ta komai,
takardata kuwa ta ce buhu biyu,
muka zauna jiran na'ura ta raba gardama
har inuwar darbejiya ta gudu ta bar mu a rana.
Ta kaɗe zaninta ta tafi.
Na ce to, gobe sai Gujungu.

Shagon Nafi'u bai fi akurki ba,
tsakanin mai cajin waya da mai igiyar shanu.
Ya kifa ta a kan tawul,
ya kwance noti tara, ya tara a murfin kwalba,
ya hura fanka, ƙaiƙayi ya tashi.
"Malam, a masussuka kake aiki da ita?"

Ya ce ciwon biyu ne.
"Ram ɗinta giga huɗu." Na ce rama? Ya yi dariya.
"Ɗauka tabarmar shanya ce. In ta yi kaɗan,
kwano guda za ka baza, ka kwashe, ka sake bazawa,
rana ta faɗi ba ka ci rabin buhu ba.
Ɗayan kuwa rumbu ne, ya cika har wuya,
gindinsa ya tsufa, gara ta soma."
Wannan yaren na ji shi.

Ya zaro wata 'yar falle koriya,
ya karkata ta, ya danna. Ƙas!
Ƙarar ba ta kai ta fasa gyaɗa ba,
amma kuɗin rabin buhun zoɓo ne ya shige.
Sai sabon rumbun, sakayau kamar fankon ashana,
ba ya juyi, ba ya gurnani.
Na auna shi a tafin hannu, raina bai kwanta ba.
Ina mutum ɗari biyu za su zauna a nan?

Kwasar kaya ta kai mu la'asar.
Shuɗin layi na rarrafe a fuskar gilashi,
na sayo rake muka sha.
Can sai ga wata folda da ban taɓa buɗewa ba,
an sa mata suna: Tasi'u, kar a goge.

Sakataren da ya riga ni. Yayana.
Damina uku ke nan da muka kai shi.

Nafi'u ya dube ni. Na ce danna.
Muryarsa ce, har da tarin nan nasa,
da carar wani zakara a bayansa,
yana jero waɗanda aka yafe wa shekarar ambaliya
don kada takarda ta jiƙe, magana ta ɓata.
Ta bakwai: Iya Gambo, buhu biyu, an yafe.

Yanzu kafin in gyara zama ta farka,
awaki ne ke jiran dusa.
Tsohon faifan na naɗe shi a hular Tasi'u,
yana ƙasan akwati, da nauyinsa.

Gidan Iya Gambo kuwa, babu gigar da ta rage mini nisansa.
Da ƙafa na je bayan magariba,
na daɗe a zaure ban yi sallama ba.