Ta Biyar

A Gregores, inda iska ba ta san gajiya ba,
inda bishiyoyi suka karkata gabas kamar masu leƙen baƙo,
akwai rumfar faci ta Evaristo Quilodrán:
kwano huɗu, kare ɗaya, da injin iska mai tari.

Nan na kai akori-kurar mahaifina
wata bakwai bayan mun rufe shi.
Na ce, "Juya mini tayoyin nan.
Na gaba su koma baya,
na baya su zo su ɗanɗani kwana da birki."

Ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashin bodi.
"Nélida, ta biyar fa?"

Ta biyar.
Tana can rataye da sarƙa,
fuskarta sama, bayanta ga burji.
Uwa ɗaya uba ɗaya da sauran,
rana ɗaya aka biya kuɗinsu,
ita kaɗai ce ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Babana cewa yake a bar ta,
ajiya maganin wata rana.
Daga nan zuwa garkenmu kilomita ɗari da tamanin,
ba gida, ba waya,
sai tumaki da inuwar gajimare.
In dutse ya yage maka ɗaya da tsakar dare
lafiyayya kake so ka sauko da ita,
ba wadda hanya ta riga ta tauna ba.

Evaristo ya zuƙi ganyen mate ta bututun ƙarfe.
"Shekara takwas muna wannan gardama da shi.
Na ce masa, biyar in suka raba tafiya
kowace kaɗan za ta ɗauka,
su tsufa tare, a sallame su tare.
Roba ba ta san hutu ba,
ko a kwance take tana cin shekaru.
Ya ce mini, 'Ai kai taya kake sayarwa.'"

Sarƙar ta ƙi. Tsatsa ta riƙe ta.
Muka zuba mai, muka buga,
muka zagi wanda ya ƙera ta,
sannan ta sauko da busasshen taɓo a cikinta.
Haƙoranta cikakku,
har 'yan gashin robar nan ba su kaɗe ba.
Amma gefenta duk faso,
kamar diddigen makiyayi.
Ya sa ma'auni. Iska ko rabi ba ta kai ba.

"Da ta fashe muku a hanya," in ji shi,
sai ya yi shiru, ya shafa ta.
"Yanzu ko na ɗaura ta ba za su jitu ba.
Ta fi su tsayi.
Mota mai ja da ƙafa huɗu ba ta son ɗingishi."

Ban gaya masa ba,
amma a ƙarƙashin gadon tsohon
na tarar da takalma a kwali, da takardarsu,
fata mai kyau, ta bushe ta ƙage.
Waɗanda ya mutu da su a ƙafa
da waya ya ɗaure bakinsu.

Na sayi biyar. Ulun bana ya tafi a nan.
Evaristo ya ɗauki alli ya zana a bango:
safaya ta shiga baya ta dama,
wannan ta haura, waccan ta ƙetare,
ɗaya ta sauka ta huta.
Duk kilomita dubu takwas.
Na kwafa a bayan rasit.

A hanyar gida, da duhu ya yi,
duk dutsen da ya bugi ƙasan mota
muryar babana nake ji.
Ban ce ya yi kuskure ba.
Ni dai ba zan sake renon abin da ban gwada ba.

Tsohuwar kuwa na taho da ita.
Da safe muka jefa ta kan rufin ɗakin aski,
inda iska ke ɗaga kwano tun bara.
Tana can, ta danne.
Ranarta ta farko ke nan a bakin aiki.