Mai Goge Fuskar Alluna

Shekara sha tara ni da jakina
muna jigilar dizal daga Sinja,
jarka biyu dama, biyu hagu,
don injin ban-ruwa ya yi tari a bakin Bahar.
In na makara, kuɓewar gari ta sunkuya.
Har liman kan tambayi lafiyar jakin.

Sai ga Ikhlas, injiniya, 'yar Madani,
laffaya ɗaure a ƙugu, sifana a hannu.
Ta jera allunan sola sittin, baƙi wuluk, suna kallon sama.
Ba ƙara, ba hayaƙi.
Ruwa kawai ya taso, ya nufi gonar Daw al-Bait.

Ranar na ƙi cin kisra.
Na ce: ranar da ta gasa min ƙeya tun ƙuruciya,
yau kuma ta kashe min kasuwa.

Ikhlas ta zo har zaure da tsumma da bokiti:
"Kurciyoyi ba su san darajar allo ba, Baba Tanimu.
Wa zai bi bayansu?"

Yanzu da asuba ni ke goge fuskar allunan.
Albashin bai kai na da ba, ban ɓoye ba.
Amma daren Talata jikata ta haihu
ƙarƙashin ƙwan lantarki,
ungozoma ba ta riƙe tocila da haƙori ba.

Jakin ya yi ƙiba.
Yana kwance a inuwar allo na bakwai,
yana kallona kamar shi ya kawo shawarar.