Tagar da Ba Ni Na Ƙera Ba

Shekara talatin da ɗaya ina walda a Ali Ɗan Sofo.
Ni na san taga.
Daga nan har Bagalam, gidaje nawa
iskarsu ta hannuna ta bi ta shiga?

Sai Harira ta dawo daga Yamai da kwamfuta,
ta ce, "Baba, bar rubuta bashi a kwalin sukari.
Ga tagogi nan ciki, sai yadda ka so."

Na sa tabarau, na jawo benci.

Ta fari na kama ta a kunne, ta biyo ni.
Na matse ta, ta matsu.
Na sake ta, ta cika gilashin.
Na ce madalla!
Ƙarfe sai ya sha wuta yake jin magana.

Amma rubutun, kamar kiyashi sun taka tawada.
Na shiga neman inda ake ƙara masa ƙiba:
ƙofa cikin ƙofa cikin ƙofa,
kowace da Faransanci a goshi,
ni kuwa lakkol aji uku na yi, sai maƙera.
Na taɓa wani abu, ban san mene ne ba,
bashin Alhaji Ɗan Tibiri, jaka arba'in da biyar,
ya shige bayan wata taga
kamar ƙadangare bayan randa.

Na ƙwala wa Harira kira.
Yatsa ɗaya ta sa, ya fito.
Ta ce, "Ai yana nan, ba ka gani ba ne."
Na ce, "Ɗiyata, sakatar da mai ɗaki bai gani ba,
ta wa ce?"

Ni in zan yi wa tsohuwa taga
sai na dubi tsayinta tukuna,
in sa mariƙi inda hannunta zai kai
ko cikin dare, ko an ɗauke wuta.
Wanda ya ƙera waɗannan gwani ne, ban hana shi ba,
amma tsayin kansa ya auna.

Yanzu dai mun shirya.
Ta kumbura haruffan, ta liƙa hoton jikana a baya,
ta bar mini taga biyu:
ta bashi, da ta kuɗin ƙarfe.
Sauran muna gaisawa daga nesa.

Kwalin sukarin kuwa yana aljihu.
Jiya Ɗan Tibiri ya kawo jaka ashirin.
Wuri biyu na rage.